Majalisar Mutum 99: Tarihin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ta 1979 zuwa 1983 da Darasinta ga Kudancin Kaduna

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. Yau za mu waiwayi majalisar dokoki ta farko da jama'ar Jihar Kaduna suka zaɓa da hannunsu, wadda ta zauna daga watan Oktoba na 1979 zuwa 1983. Yawancin mutane abu ɗaya suka sani game da ita, wato ita ce ta tsige Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ranar 23 ga Yuni, 1981, karo na farko da aka taɓa tsige gwamna a Nijeriya. To amma kafin a kai ga tsigewar akwai yadda aka raba kujeru 99 na majalisar tsakanin jam'iyyu biyar da kuma tsakanin sassan jihar. A cikin wannan lissafi ne mu mutanen Kachia, Jama'a da Saminaka muke da abin koyo.

Kafin 1979

Ginin Lugard Hall da ke Kaduna, inda majalisar jiha take zama har yau, ya riga jihar kanta zuwa duniya. A nan majalisun tsohuwar Jihar Arewa suka riƙa zama a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, kuma yankinmu, wanda a lokacin ake kira Kudancin Zariya, ya tura wakilai can, irin su Malam Dauda Kwoi da Malam Maude Gyani daga ƙasar Jaba. Siyasar wancan zamani ta NPC ce mai mulki, da NEPU ta Malam Aminu Kano, da UMBC mai fafutukar 'yan tsakiyar Nijeriya. Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya rufe wannan babi, aka yi shekara 13 babu zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki a Kaduna.

A cikin waɗannan shekaru taswira ta sauya. Ranar 27 ga Mayu, 1967 gwamnatin Yakubu Gowon ta raba ƙasa zuwa jihohi 12, ta haɗa lardin Zariya da lardin Katsina a cikin Jihar Tsakiyar Arewa. A 1976 aka mayar da sunanta Jihar Kaduna. Tsarin mulki ma ya sauya. A zamanin Sardauna, jam'iyyar da ta fi yawan kujeru a majalisa ita ke fitar da firimiya da ministoci daga cikin 'yan majalisar, saboda haka ba yadda za a yi shugaban gwamnati ya rasa rinjaye a zaure. Tsarin mulkin 1979 ya ɗauko salon Amurka. Gwamna zaɓensa daban, majalisa zaɓenta daban, kuma ɗan majalisar da aka ba kwamishina dole ya ajiye kujerarsa. Ke nan zai yiwu gwamna ya fito daga wata jam'iyya, rinjayen majalisa kuma ya kasance a hannun wata. A cikin jihohi 19 na lokacin, a Kaduna ne wannan abu ya fi fitowa fili.

Jihar da majalisar ta wakilta

Matasan yau su tuna cewa Kaduna ta 1979 ta haɗa da dukan Jihar Katsina ta yanzu. Ƙananan hukumominta 14 ne. Bakwai a ɓangaren Katsina: Daura, Dutsinma, Funtuwa, Kankiya, Katsina, Malumfashi da Mani. Bakwai a ɓangaren Zariya: Birnin Gwari, Ikara, Jama'a, Kachia, Kaduna, Saminaka da Zariya.

Ƙaramar Hukumar Kachia ta wancan lokaci ƙasa ce mai faɗin gaske. Zangon Kataf, Kajuru, Chikun da Kagarko duk a cikinta suke, kuma a garin Kachia hedikwata take. Jama'a mai hedikwata a Kafanchan ta ƙunshi Kaura, Jaba da Sanga na yau. Saminaka kuma ta riƙe Lere da Kauru. Ƙananan hukumomi uku ke nan suke ɗauke da kusan dukan abin da muke kira Kudancin Kaduna a yanzu.

Duk da cewa bakwai da bakwai ne, yawan jama'a bai zo daidai ba. Ƙidayar 1963, wadda da ita aka yanka mazaɓu, ta ba jihar mutum miliyan huɗu da ɗoriya, kuma lardin Katsina shi ya kwashe kusan miliyan biyu da rabi daga ciki. Tsarin mulki ya ce kujerun majalisar jiha su ninka kujerun jihar a Majalisar Wakilai ta Tarayya sau uku. Kaduna na da 33 a tarayya, shi ya sa ta sami 99. Tunda da yawan jama'a ake rabon, fiye da rabin waɗannan kujeru daga ɓangaren Katsina suka fito. Sauran aka raba tsakanin Zariya, Ikara, Birnin Gwari, garin Kaduna da kudanci. Tun kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya, an san wakilan kudanci 'yan tsiraru za su kasance a zauren.

Akwai wasu abubuwa game da wanda zai iya zama ɗan majalisa a lokacin. Shekara 21 ta isa mutum ya tsaya takara, kuma tsarin mulkin 1979 bai gindaya sharaɗin takardar makaranta ba. Turanci ne harshen zaure, amma an ba kowace majalisar jiha damar ƙara wani harshe da ake yi a jihar idan ta zartar da ƙuduri. Wannan ne kuma babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa, bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

Yadda aka raba kujerun

An ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba na 1978, hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. Aka jera zaɓuɓɓukan mako-mako. Majalisar Dattawa ranar 7 ga Yuli, 1979, Majalisar Wakilai ranar 14, majalisun jihohi ranar 21, gwamnoni ranar 28, sai shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta.

Sakamakon majalisar Kaduna ya fito kamar haka: NPN 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3.

Kowace daga cikinsu da inda ta samo tushe. NPN ta Alhaji Shehu Shagari ita ta gaji yawancin magoya bayan tsohuwar NPC, ga sarakuna, ga attajirai, ga manyan 'yan boko. PRP ta Malam Aminu Kano ita ce magajiyar NEPU, jam'iyyar talakawa. GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim ce, mai taken siyasa ba da gaba ba. NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe ta kama Jihar Filato a ƙarƙashin Solomon Lar, kuma a Kaduna ƙarfinta ya fi yawa a kudanci, inda akwai tsohuwar alaƙa da mutanen Filato tun zamanin UMBC. UPN kuwa ta Cif Obafemi Awolowo ce, mai alƙawarin ilimi kyauta. Mutanen kudanci ba su taru a jam'iyya ɗaya ba. Akwai 'yan NPN a cikinsu, akwai na adawa.

Yanzu a lura da lissafin nan, domin a kansa komai ya rataya. Kashi biyu bisa uku na 99 shi ne 66. Da ƙuri'a 66 majalisa na iya mayar da ƙuduri doka ko da gwamna ya ƙi sa hannu, kuma da 66 ne ake tsige gwamna. NPN na da 64. Sauran jam'iyyu huɗu idan an haɗa su 35 ne. Muddin 34 daga cikin 35 ɗin nan suka tsaya wuri guda, NPN ba za ta kai 66 ba. Amma da zarar mutum biyu sun zame, shingen ya faɗi. Wannan ya sa kujera ɗaya ta NPP ko UPN daga wani ƙauye a Jama'a ko Kachia take da nauyin da ya fi girman mazaɓarta nesa ba kusa ba.

Mako guda da ya sauya lissafi

Ganin yadda NPN ta lashe majalisa ranar 21 ga Yuli, kowa ya ɗauka ɗan takararta Alhaji Lawal Kaita ya gama zama gwamna. Cikin kwana bakwai da suka rage, sauran jam'iyyun suka ga cewa idan kowa ya ci gaba da jan nasa, babu wanda zai kai labari. Magoya bayansu da dama suka karkata ga ɗan takarar PRP, Balarabe Musa, akanta ɗan asalin Kaya ta ƙasar Giwa kuma tsohon ɗan NEPU. Ranar 28 ga Yuli ya kada Lawal Kaita da tazarar kusan ƙuri'a 9,000, a zaɓen da aka jefa ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya.

Ƙuri'un Kudancin Zariya na cikin abin da ya ba shi wannan nasara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. PRP ta yi yaƙin neman zaɓe a kan soke haraji da jangali, da rage ikon hakimai da dagatai a kan talaka, da binciken filayen noma da aka karɓe wa manoma. Waɗannan su ne koke-koken da al'ummomi da yawa a gundumomin Kachia, Zangon Kataf, Kajuru, Kauru da Lere suka daɗe suna yi tun zamanin En'e, suka kuma kai gaban hukumar Willink da ta binciki fargabar ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958.

Haka aka rantsar da gwamna ranar 1 ga Oktoba, 1979, jam'iyyarsa na da kujeru 16 kacal cikin 99.

Shugabancin zaure

Da majalisa ta fara zama, NPN ta riƙe shugabancinta. Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa ya zama Kakakin Majalisa, Alhaji Dauda Mani kuma Shugaban Masu Rinjaye. Dukansu daga ɓangaren Katsina suke. Lawal Kaita da aka kayar shi ma daga can yake, haka mataimakin gwamna Alhaji Abba Musa Rimi na PRP. Wannan ya nuna inda nauyin siyasar jihar yake a lokacin, ya kuma nuna cewa rigimar da ta biyo baya ba ta Katsina da Zariya ba ce zalla, domin kowane ɓangare na da mutanensa a kowane sashe. Rigima ce ta jam'iyya da aƙida, da kuma wanda zai riƙe akalar gwamnati.

Gwamnati babu kwamishinoni

Karon farko a kan kwamishinoni aka yi shi. Tsarin mulki ya ba gwamna ikon zaɓen mutanensa, amma sai majalisa ta amince kafin a naɗa su. Balarabe Musa ya aika da sunaye, majalisa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, aka sake dawo masa da su. Haka aka yi ta yi har ranar da ya bar ofis. Kusan wata 21 yana mulki ba shi da kwamishina ko ɗaya.

Kowane ɓangare da hujjarsa. 'Yan NPN na ganin jam'iyyar da jama'a suka ba kujeru 64 ba za a kafa gwamnati a bar ta a waje ba. Gwamna kuma na ganin shi jama'a suka zaɓa a kan manufofin PRP, kuma ba zai sa a majalisar zartarwarsa mutanen da suka yi yaƙi da waɗannan manufofi ba. Kowa ya ja daga. Aka koma gudanar da ma'aikatu ta hannun manyan sakatarori da ofishin gwamna, inda masana irin su Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jiha, suka yi tasiri sosai.

Wannan ya shafi yankinmu kai tsaye. Tsarin mulkin 1979 ya wajabta wa gwamna ya lura da bambancin al'ummomin jiharsa wajen naɗa kwamishinoni. Ga yankin da wakilansa 'yan tsiraru ne a majalisa, kujerar kwamishina ita ce ƙofa ta biyu ta isar da murya inda ake rabon hanyoyi, makarantu da asibitoci. Wannan ƙofa a rufe ta zauna kusan shekara biyu. Babban ma'aikacin gwamnati, komai ƙwarewarsa, ba ya wakiltar kowace gunduma, kuma dattawan gari ba za su je su tsare shi su ce mu muka tura ka ba.

Haraji, filaye da ƙananan hukumomi

Tun a ranakun farko gwamnatocin PRP na Kaduna da Kano suka sanar da soke haraji da jangali. Duk dattijon da ya rayu a zamanin da ake kama magidanci a ɗaure saboda kuɗin haraji, ko makiyayin da ake ƙirga wa shanu kowace shekara, ya san girman wannan mataki. Ba a daɗe ba wasu jihohi suka bi sahu.

Batun filaye ya fi wuya. Gwamna ya kafa hukumar binciken filaye da ta zagaya jihar tana sauraron manoma. Magoya bayansa na ganin hanya ce ta mayar wa talaka gonarsa. Abokan adawarsa na ganin neman tozarta sarakuna ne da tayar da tsofaffin husumomi. A ƙasar Kachia batun fili bai taɓa zama wasa ba. Rikicin Kasuwar Magani na 1980, a gundumar Kajuru, a kan fili ya tashi, kuma a zamanin wannan majalisa ya faru.

Sai ƙananan hukumomi. Wa'adin kansilolin da aka zaɓa a 1976 ya ƙare, kuma har jamhuriya ta biyu ta faɗi ba a sake zaɓen ƙananan hukumomi ba. Tambayar ita ce wa zai naɗa masu riƙon ƙwarya, wa zai binciki asusunsu, wa kuma ke da ikon ƙirƙiro sababbi. Gwamna da majalisa sun yi ta kai juna kotu a kan waɗannan batutuwa. Ɗaya daga cikin shari'o'in, tsakanin Gwamnan Kaduna da Lawal Kagoma a kan ikon gwamna na kafa hukumar bincike kan ƙananan hukumomi, sai da ta kai Kotun Ƙoli a 1982. A faɗin ƙasa kuwa jihohi sun yi ta ƙara ƙananan hukumomi har suka ninka 301 ɗin da aka fara da su, amma da sojoji suka dawo sai suka soke duka aka koma 301. Mutanen Zangon Kataf, Chikun, Kagarko da Kajuru sai a zamanin soja na baya suka sami nasu masu ɗorewa.

Akwai kuma shirin gwamna na kafa masana'antu a ƙananan hukumomi, kowace bisa amfanin gonar da take da shi. Daga wannan shiri ne aka sami kamfanin sarrafa tumatir na Ikara da kamfanin sarrafa citta na Kachia. Duk wanda ya san yadda citta take a rayuwar manomin Kachia, Jaba da Kagarko ya san abin da wannan kamfani yake nufi, wato a sarrafa ta a gida maimakon a kwashe ta a buhu da arha. Amma kuɗin kowane irin aiki sai ya bi ta kasafin da majalisa ta amince da shi, kuma kasafin ma fagen daga ya zama tsakanin ɓangarorin biyu.

Baraka a cikin PRP

Ana cikin haka sai gidan gwamna ya kama da wuta. Balarabe Musa da Gwamnan Kano Muhammadu Abubakar Rimi sun shiga taron gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba, biyar na UPN, biyu na GNPP da su biyu na PRP. Shugabannin jam'iyya a ƙarƙashin Malam Aminu Kano suka hana su, suka ƙi hanuwa. A 1980 PRP ta dare gida biyu, 'yan Santsi na gwamnoni waɗanda suka ɗauki tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugaba, da 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam. FEDECO ɓangaren Malam ta sani.

A Kano wannan baraka ba ta kayar da Rimi ba, domin mafi yawan 'yan majalisarsa suna tare da shi. A Kaduna kuwa, inda tsaron gwamna ya dogara ga mutum 35 daga jam'iyyu huɗu su tsaya tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kowace tsaga haɗari ce. Zuwa 1981 ɓangaren da ke adawa da gwamna ya cike giɓin kujeru biyun nan, ya kai kashi biyu bisa uku.

Yadda aka tsige gwamna

Sashe na 170 na tsarin mulkin 1979 shi ya shimfiɗa matakan. Da farko kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi su miƙa wa Kakaki. Cikin kwana 14 majalisa ta kaɗa ƙuri'a, ba tare da muhawara ba, kan ko a yi bincike, kuma sai an sami kashi biyu bisa uku. Sai Kakaki ya naɗa kwamitin mutum bakwai masu mutunci, waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba 'yan majalisa ba, ba kuma 'yan wata jam'iyya ba, tare da amincewar majalisa. Kwamitin na da wata uku ya kawo rahoto. Idan ya tabbatar da zargin, majalisa ta sake amincewa da kashi biyu bisa uku, gwamna ya sauka nan take.

Abubuwa biyu a cikin sashen suka ba majalisa ƙarfin da ba shi da linzami. Na farko, babban laifin da ake tsige gwamna a kansa ya haɗa da duk abin da majalisa ta ga ya kai babban laifi a ra'ayinta. Na biyu, sashen ya hana kotu sauraron ƙara a kan abin da kwamiti ko majalisa suka yi.

Haka aka bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Canon H. O. Mohammed, ya miƙa rahoto, ranar 23 ga Yuni, 1981 majalisa ta amince da shi. Tun ana cikin binciken Balarabe Musa ya garzaya kotu. A shari'arsa da Auta Hamza da sauransu, kotun ɗaukaka ƙara ta ce tsarin mulki ya ɗaure mata hannu, wannan hurumin majalisa ne.

Har yau ana saɓani a kan wannan rana. Wasu na cewa an yi amfani da yawa an zalunci mutumin da jama'a suka zaɓa, kuma shaidar da aka yi masa ta rashin tara dukiya har ya rasu ranar 11 ga Nuwamba, 2020 tana ƙarfafa musu gwiwa. Wasu kuma na cewa gwamnan da ba shi da rinjaye dole ya koyi sassauci, shi kuwa ya ƙi. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi a zauren majalisa.

Sauran wa'adin

Abba Musa Rimi ya hau kujerar gwamna, ya kammala wa'adin, kuma a zamaninsa ne aka sami kwamishinoni. Guguwar ba ta tsaya a Kaduna ba. Ranar 10 ga Yuli, 1981 tarzoma ta ɓarke a Kano aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Gwamna Rimi shawara kan siyasa, kuma kafin shekarar ta ƙare majalisar Kano ta tsige mataimakin gwamna Ibrahim Bibi Faruk.

Wani batu da ya mamaye sauran wa'adin shi ne neman sababbin jihohi. Tsarin mulki ya buƙaci sa hannun kashi biyu bisa uku na wakilan yankin da ke nema, ciki har da 'yan majalisar jiha, don haka sa hannun ɗan majalisa ya yi daraja. Ba a ƙirƙiri jiha ko ɗaya a jamhuriya ta biyu ba. A zaɓen Agusta na 1983 Lawal Kaita ya ci gwamna, aka zaɓi sabuwar majalisa, amma wata uku kawai suka yi. Ranar 31 ga Disamba, 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki, aka sake rufe Lugard Hall. Ranar 23 ga Satumba, 1987 gwamnatin Ibrahim Babangida ta cire Katsina daga Kaduna, majalisar mutum 99 ta zama tarihi.

Abin da ta bari

A matakin ƙasa, tsarin mulkin 1999 ya gyara wani abu. A sashe na 188, Babban Jojin jiha ne ke naɗa kwamitin mutum bakwai, ba Kakaki ba. Kuma a shari'ar tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo, Kotun Ƙoli ta nuna cewa kotu na iya shiga idan majalisa ta tsallake matakan da doka ta gindaya. Ladoja, Peter Obi na Anambra da Joshua Dariye na Filato duk kotu ta mayar da su kujerunsu. Balarabe Musa bai sami wannan dama ba.

A matakin yankinmu, batutuwan da aka yi ta jayayya a kansu a wancan zaure, wato fili, sarauta da ƙananan hukumomi, majalisar ta tashi ba ta warware su ba. Mun ga abin da ya biyo baya a Kafanchan a 1987 da Zangon Kataf a 1992. Sai a 1995, zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa, aka ba Atyap da Bajju masarautunsu, gwamnatin Ahmed Muhammad Makarfi kuma ta ƙara wasu bayan 1999. Da an yi amfani da shekarun 1979 zuwa 1983 an zauna a kan waɗannan batutuwa da hankali, da wataƙila an rage wa Musulmi da Kirista na wannan yanki hawaye mai yawa.

Yau majalisar Kaduna na da kujeru 34 daga ƙananan hukumomi 23, kuma tun bayan fitar Katsina kason kudanci a zauren ya ƙaru. Kashi biyu bisa uku na 34 shi ne 23, ke nan mutum 12 da suka haɗa kai na iya tsayar da tsige gwamna ko tilasta wata doka. Dokar masarautu, dokar ƙananan hukumomi, kasafin kuɗi, amincewa da cin bashi, tantance kwamishinoni, duk ta wannan zaure suke bi. Amma a lokacin zaɓe hankalinmu kan tafi ga shugaban ƙasa da gwamna, mu bar kujerar majalisar jiha ga duk wanda jam'iyya ta tsayar, wani lokaci ko sunansa ba mu riƙe ba. Majalisar 1979 ta nuna cewa makomar gwamnati guda ta rataya a kan kujeru biyu. Duk wanda za mu tura Lugard Hall, mu tambaye shi tun kafin ranar zaɓe inda zai tsaya a kan filayenmu, cittarmu, makarantunmu da tsaron ƙauyukanmu, mu kuma bi sawun ƙuri'un da yake kaɗawa bayan ya je.

A ƙarshe muna kira ga iyalan waɗanda suka wakilci mazaɓun Kachia, Jama'a da Saminaka a wannan majalisa, da dattawanmu da suka ga zamanin da idonsu, su fito da hotuna, takardun yaƙin neman zaɓe da labaran da ke hannunsu domin a adana wa na baya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya zaunar da Kachia, Kudancin Kaduna da Nijeriya baki ɗaya lafiya.